Bari Lami Ta Leƙa Rumbu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga mahaifiyarka a Gubuchi zuwa ga ɗana Habu, a inda ka sauka cikin ƙasar Kudan. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Lami da nauyin jikinta, ina gaida ƙawata, 'yarka Ladi, in ta daina kukan rabuwa da ni. Allah Ya sa kun isa lafiya, Ya sa ƙasar ta karɓe ku, Ya tsare ku daga mugun mutum da mugun ruwa da macijin fadama.

Baffanka Sale ne ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa. Na ce masa in ya rage kalma guda don ya tausasa maka, Allah na ganinsa. Kada ka sa ran labarin gida, gida na nan yadda ka bar shi. Magana ɗaya ce ta sa na tashi dattijo daga gyaran gonarsa na zaunar da shi.

Raina a ɓace yake, Habu. Tun ranar da kuka ɗaura kaya ban ci abinci ya yi mini daɗi ba. Ba tafiyarka ce ta ɓata mini rai ba. Namiji ne kai, ka samu fadamar rake, ka ce za ka kafa injin matsa ka riƙa dafa mazarƙwaila, na sa maka albarka, har gobe ban janye ba. Abin da na gani a ƙofar gida ana gobe za ku tashi shi ne ya tsaya mini a wuya.

Na fito na tarar da mata sun jeru da turame suna sussuka. Dawarka ce kaf, duk abin da ka noma bana, an kwance damunan ana mayar da su tsaba ana ɗurawa a buhu. Na ce maka, "Habu, wa ya mutu ake sussukar shekara guda a yini ɗaya?" Ka ce, "Inna, dami wahalar ɗauka gare shi. Tsaba a buhu ta fi zama a bayan jaki." Na ce, "To geron fa?" Ka sosa ƙeya ka ce ka kai shi kasuwar Makarfi, da shi ka cika ka sayi dokin da zai ja injin. Da na buɗe baki zan yi magana, sai ka yi dariya ka ce, "Haba Inna, zamani ya canja. Mai mazarƙwaila ba ya kwana da yunwa, ai kasuwa na nan."

Dariyar nan ce ta kashe mini baki, don na san ta. Ta mahaifinku ce sak, Allah Ya jiƙansa. Na yi shiru a gaban matan nan don kada in kunyata ka, kuka tafi, sannan na zauna ina tsine wa shirun nawa. Sau ɗaya na taɓa yin irinsa a duniya, kuma ka san akwai kabari a bayan gari da ya fito daga cikinsa. Ka san da kabarin, amma ba ka san hanyar da aka bi aka kai can ba. Yau za ka sani.

Shekarun da Turawan kanti suka fara rububin gyaɗa, mahaifinku yana saurayin magidanci kamarka. Ya ga ana kai gyaɗa tasha ana dawowa da sabuwar riga, sai ya rage gonar gero ya cika ta da gyaɗa. Ɗan geron da ya samu ya sayar. Ya bar mana dawa, kaura ce, mai zaƙin tuwo. Ya sa aka sussuke ta tun ba ta gama shan rana ba, wai tsaba ba ta cin wuri kamar dami, ya zuba a rumbun ƙasa ya yaɓe bakin. Ya ce wannan rumbun damina ne, ba mai taɓa shi sai ruwa ya yi nisa.

Ni kuwa 'yar manoma ce. A gidanmu na tashi na ga ana jera hatsi da zangarniyarsa, dami a kan dami, ba a sussuka sai abin da za a ci. Na san hatsi cikin rigarsa ya fi ƙarfin ƙwari, tsirara kuwa gayyatarsu ake yi. Na sani sarai. Amma ina amarya mai 'ya ɗaya, ga kunya, ga uwar miji a tsakar gida. Na haɗiye abin da na sani.

Da bazara ta kama, wata safiya ina shara sai na ga tururuwa sun yi layi daga gindin rumbun, kowace da ɗan farin gari a baki. Na ɗora tafin hannuna a jikin rumbun, na ji ɗumi, alhali rana ba ta kai gare shi ba. Da mahaifinku ya dawo daga gona na kai masa ruwa na durƙusa na ce, "Malam, da an buɗe rumbun nan an duba. Jikinsa na da ɗumi." Ya dube ni ya yi wannan dariyar taka ya ce, "Yaushe mace ta fara awon rumbun miji?" Kakarku tana jiyo mu daga ɗaki ta ce, "Ke yarinya, mace ba ta leƙa rumbu. Mai leƙe ita ke kore albarka." Na ce, "Allah Ya ba da haƙuri," na tashi.

Tsanin rumbun yana jingine da katanga, Habu. Kullum sai na wuce shi. Mahaifinku na gona tun safe, kakarku na barcin rana, ba abin da ya hana ni hawa in fasa yaɓen in gani da idona sai tsoron a ce matar wane ba ta da kunya. Da na hau a lokacin, da an kwashe an shanya, an ceci rabi ko fiye. Ban hau ba.

Baffanka yana ta gyaran murya, wai a bar mamaci ya huta. Na ce rubuta. Na yafe wa yayansa tuntuni, addu'a nake masa kullum. Amma yafiya daban, mantuwa daban, kuma ba zan manta ba ina ganin ɗansa yana taka sawunsa.

Daminar nan ruwa ya zo ya ɗauke, shuka ta ƙone, aka sake. Abin da ya tsira ya fara kai gwiwa sai fara ta sauka ta share shi. Kasuwar da kake taƙama da ita na gan ta da idona a wannan shekara. Rumfunan masu hatsi wayam. Wanda yake da shi ya ɓoye, wanda ya fito da shi kuwa sai ka rantse zinariya yake aunawa. Mutum na tsaye da kuɗin gyaɗa a aljihu yana lashe baki. Kuɗi ba ya dahuwa a tukunya, in ba ka sani ba ka sani yau.

Da marka ta zauna, abincin hannu ya ƙare, mahaifinku ya jingina tsani ya hau ya fasa bakin rumbun. Ina ƙasa riƙe da ƙwarya. Na ga ya tura hannu ya daɗe bai fito da shi ba. Da ya fito da shi, gari ne baƙi-baƙi ke zuba ta tsakanin yatsunsa, ƙwari na yawo a kan hannunsa har gwiwar hannu. Warin ya sauko ya same ni. Bai dube ni ba, na ajiye ƙwaryar a ƙasa. Me za a ce?

Saboda haka ka saurara, kuma kada ka yi mini dariya ko a zuci. Abincin da ake ci yau daban, abincin ajiya daban. Na ajiya ba a zaɓensa don daɗin baki, don haƙurinsa ake zaɓensa. Gero ne gaba. Gero a zangarniyarsa, busasshe ƙayau, yana shekara ya zarce cikin rumbu ba abin da ya same shi, shi ne kuma ke yin kunun yaro da na maijego. Shi ka ɗauka ka ba doki. Bayan gero sai maiwa in ka samu, sai dawa farfara mai tauri. Kaura a fara cinye ta, ba ta da jimiri. Masara kuwa baƙuwa ce, a ci da ita tana sabuwa a sallame ta. Kafin ka sa kowane hatsi a rumbu ka ɗauki ƙwaya ka ciza. In ta fashe ƙas, ta bushe. In haƙori ya nutse, mayar da ita rana, ko da kana sauri.

Tsabar da ka riga ka sussuke ba ta komawa zangarniya, aikin gama ya gama. Ita za ku fara ci. Kada ka bar buhunan a ƙasa, ka ɗora su a kan itace, ka riƙa fito da su rana, Lami ta riƙa tura hannu har tsakiya tana jin ko da ɗumi. Kuma kada in ji an ce ka kira wannan tsaba abincin damina. Ba za ta kai ba.

Ba zan ɗora wa mahaifinku kaya duka in tafi hannu sake ba, ni ma na yi tawa wautar. Ina da 'yar gayaunata a bayan gida, na samu gero da wake a kakar da ta gabaci wannan masifa. Ka san abin da na yi da geron? Dillaliya ta shigo da kwanukan kanti masu fure, irin da aka fara yayi, duk matan unguwa na jerawa a ɗaki. Na auna mata gerona na karɓi kwanuka. Na jera su, ina gogewa, ina kiran ƙawaye su gani. Da marka ta zo na kwashe su na zaga gari ina neman mai ba ni ko mudu guda, ba wanda ya dube su. Kowa da nasa kwanukan, kowa babu abin zubawa. Waken kuwa na zuba shi haka nan a tulu, ban gauraya da toka ba don ƙyuya. Da na buɗe, kowace ƙwaya da tagarta.

Don haka ka faɗa wa Lami, ko ka miƙa mata takardar nan Baffanka ya karanta mata, tunda shi zai kawo ta, abin da ta samu na hannunta kada ta mayar da shi adon ɗaki sai sabon hatsi ya shigo. Wake a cuɗe shi da toka mai laushi, a cika tulu har wuya, a yaɓe baki da laka. Ta ajiye kalwa, ba daddawa ba, don kalwa na jira, daddawa kuwa in ta ji sanyin damina sai tsutsa. Ta daka kuka ta cika tulu, ta yanka kuɓewa ta shanya tun yanzu da take arha, ta rataye barkono. Gishiri da kanwa kada su yanke a ɗakinta. Ganyen daji ma da kanwa da gishiri ake lallaɓa shi ya shiga ciki, na ci tafasa gaya babu ko ɗaya, na san abin da nake faɗa. In fadamar taka na da tudu a gefe, ka dasa rogo ka manta da shi, rumbu ne da ɓera ba ya hawa.

Mazarƙwailar da kake gani kamar ita ce mafita, ka taɓa ganin ta cikin marka? Narkewa take yi tana bin ƙasa, ƙudaje na biki. Wa zai sayi zaƙi yana neman abin da zai riƙe ciki? Ko dokin naka ma hatsi zai nema a wurinka. Ka ƙara baki a gida ka rage abinci, kana kuma kiran wannan dabara. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. To kai faɗa mini, a ina take kuɗi? Ni dai na zaga ban gani ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Lami na da ciki. Ladi ba ta gama shan nono ba, amma dole a cire ta kafin ruwa ya sauka, haka ake yi. Yaron da aka yaye ba ya cin tuwon dusa, ba ya cin ganye. Kunun gero yake so, mai laushi, safe da rana da yamma. Ka lissafa da kanka, watan da Ladi za ta fi bukatar kunu shi ne watan da tsabarka za ta zama gari.

Haka aka yi mini. A shekarar nan ina da ciki, kai ne a cikin. Na cire yayarka daga nono da bazara, tana tafiya, tana kiran kaji, ƙafafunta kamar tabarya. Da rumbu ya ci amanarmu na riƙa tankaɗe garin ƙwarin nan ina dama mata, in ya ƙare in dama dusa. Cikinta ya ɓaci. Ga nono a ƙirjina, tana kamawa tana kuka, tsofaffi suna cewa nonon mai ciki dafi ne, ina ture hannunta. Ƙafafun suka zama kamar sillen kara. Daga baya ta daina kukan ma, sai ido. Gero na fitar da kai a gonakin da fara ta tsallake, saura ƙiris a fara tumu, aka ɗauke ta a 'yar tabarma aka fita da ita.

Na san kwana ne ya ƙare, ba sai malami ya tuna mini ba. Amma Allah da Ya rubuta kwana Shi ne Ya ba ni ido na ga tururuwa, Ya ba ni hannu na ji ɗumi, Ya ajiye tsani a jikin katanga.

'Yar fari ce, ka san ba a kiran suna. Tana raye ban taɓa kiranta ba, sai in ce "ke", sai in ce "yarinyar nan". Ko wasa ban yi mata a gaban mutane ba, don kada a ce ba ni da kunya. Kunya ta hana ni kiran sunanta, kunya ta hana ni hawa tsani. Na yi kunya har na ƙoshi, Habu, ban ga abin da ta saya mini ba.

Ga abin da na yi. Na sa an buɗe rumbuna, wanda nake tarawa daga gayauna da abin da nake samu a kaɗi. An fito da damunan gero, na bara da na bana, ban kwance ko ɗaya ba. Baffanka zai biyo ku da su a jakuna, tare da wannan takarda da tulun kalwa da iri a cikin gora. Ka ce dami wahalar ɗauka gare shi, to ga tsoho ya ɗauko, sai ka ji kunya in kana da ita. Kada ka tambayi abin da ni zan ci. Ni tsohuwa ce, cikina ya san hanya.

Kafin ka kafa injin nan, kafin ka gina wa doki rumfa, ka gina rumbu. Na ƙasa, a kan duwatsu, yadda kaza za ta shige ta ƙarƙashi ta tsince gara. Ka bar shi ya bushe, ka yi masa hayaƙi, ka shimfiɗa ganyen ɗoɗɗoya, sannan ka jera damunan, na bara a sama don a fara da shi. Jinkar ta sauko sosai kada feshi ya taɓa bango. Irin kuwa a rataye shi a madafa inda hayaƙi ke bugunsa, ko wuya ta kai wuya ba a cin iri. Wannan gero ba naka ba ne. Ba na doki ba ne, ba na haraji ba ne, ba na baƙon da ya zo da daɗin baki ba ne. Na Ladi ne da uwarta. In ka sayar da zangarniya ɗaya ban yafe ba, kuma na sa Baffanka ya rubuta wannan da babban baƙi.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran. Ranar da za a rufe rumbun, Lami ta tsaya ta gani. In ta sauka lafiya ta yi arba'in, ta hau tsani da ƙafarta ta leƙa, kuma ta riƙa leƙawa duk lokacin da zuciyarta ta ce mata leƙa. Ita ke tsakar gida, ita ke shara, ita za ta fara ganin tururuwa. In ta ce maka rumbu na da ɗumi, ka ajiye abin da ke hannunka ka je ka buɗe. In wata tsohuwa a Kudan ta ce mace ba ta leƙa rumbu, ka ce mata uwarka ce ta sa, ta zo Gubuchi ta same ni. Albarkar da leƙe ke korewa na gan ta, baƙin gari ne mai wari.

In Allah Ya kai mu marka ina da rai, zan zo. Ba sai ka aiko da dokinka ba, da ƙafata zan taho. Kafin in sha ruwan gidanka zan jingina tsani in hau da wannan gwiwar tawa, in tura hannu. Daga nan in sauko in ɗaga Ladi in ji nauyinta.

Allah Ya tsare ku, Ya tsare abin da ke cikin rumbunku da abin da ke cikin Lami. Ya sauke ta lafiya, Ya raya Ladi, Ya ba ka damina mai albarka da kasuwa mai albarka, Ya kuma ba ka kunnen jin magana, wanda ya fi su wuyar samu. Fushina na uwa ne, albarkata na tare da kai ko'ina ka kwana.

Baffanka ya ɗaga alƙalami ya ce ko shi ke nan. Na ce saura kalma ɗaya, wadda ban taɓa furtawa ba. Sunan yayarka Rakiya. In Lami ta haifi mace ka mayar mini da shi, in samu in kira da ƙarfi a tsakar gida, a amsa.

Wassalam. Mahaifiyarka.